Malamin Jinya: Hanyar Kaiwa Ga Wannan Matsayi da Amfaninsa Ga Ƙasa

Jama'a da yawa suna tsammanin aikin jinya ya tsaya ne ga ba da magani da wanke miki. Alhali kuwa duk ma'aikaciyar jinyar da ka gani a bakin gadon majinyaci, wani malami ne ya horar da ita. Ana iya gina asibiti a sayo gadaje cikin ɗan lokaci, amma ba a samun gwanin jinya sai bayan shekaru a hannun malami. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duniya tana da giɓin ma'aikatan jinya kusan miliyan 5.9, kuma ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi jin jiki.

Asalin Wannan Ilmi a Nijeriya

An kafa Hukumar Ungozomomi a 1930, da Majalisar Aikin Jinya a 1947. Doka mai lamba 89 ta 1979 ta haɗe su suka zama majalisa guda. Ita ce take tsara manhaja, ta shirya jarrabawa, ta yi wa waɗanda suka ci rajista, ta kuma duba makarantu kafin ta amince da su.

A 1952 aka buɗe makarantar jinya ta asibitin koyarwa na Badun. Sai a 1965 Jami'ar Badun ta kafa sashen jinya, musamman domin a sami malamai da shugabanni 'yan ƙasa masu digiri. Daga cikin waɗanda suka share fage akwai Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta yi karatu a asibitin St Thomas na Landan. Ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin Badun a 1964, daga baya ta riƙe muƙamin Kwamishinar Lafiya ta Jihar Ikko. Haka kuma Elfrida Adebo ta kai matsayin farfesa a fannin jinya a Jami'ar Badun.

Matakan da Ake Bi

1. Ɗalibi ya ci darussa biyar a jarrabawar fita sakandare: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji.
2. Ya shiga kwalejin jinya, ko kuwa jami'a, inda karatun digirin farko yake ɗaukar shekara 5, sa'an nan ya ci jarrabawar majalisa a yi masa rajista.
3. Ya yi aiki a ɗakunan majinyata har hannunsa ya faɗa. Wanda bai taɓa kwana a kan mara lafiya ba, da wuya ya koya wa wani.
4. Ya nemi takardar shaidar koyarwa, domin sanin abu daban, iya koyar da shi daban.
5. Mai son koyarwa a jami'a ya ci gaba zuwa digiri na biyu da na uku. Daga nan ƙarin girma yana bin yawan binciken da ya wallafa da ɗaliban da ya yaye, har ya kai shugaban sashe ko farfesa.

Muhimmancin Bincike

Bincike shi ne auna abin da ake yi a asibiti don a rarrabe mai amfani da wanda al'ada ce kawai. A lokacin yaƙin Kirimiya, wanda sojan Ingila suka shiga a 1854, Florence Nightingale ta yi jinyar sojoji. Da ta bi lissafin mace-mace, sai ta nuna cewa cututtukan da ƙazanta take haddasawa sun fi raunin fagen fama kisa. Wannan hujja ce ta sa hukuma ta gyara tsabtar asibitocin soja da barikoki.

Irin waɗannan tambayoyi suna nan a gabanmu. Me yake hana mai ciki zuwa awo? Me ya sa mai tarin fuka yake barin magani kafin wata 6 su cika? Yaya za a rage rubewar miki bayan tiyata? Ma'aikacin jinya ya fi kowa daɗewa tare da majinyaci, don haka ya fi kowa damar gano amsa.

Kira Ga Jama'a

Yawan ɗaliban da ake yarda makaranta ta ɗauka ya danganta da yawan malamanta da kayan aikinta. Saboda haka duk malamin da ya bar aiki ko ya tafi ƙasar waje, ya tafi da guraben yara masu yawa. Ana kira ga iyaye da mazaje su bar 'ya'yansu da matansu su zurfafa karatu. Shugabannin asibitoci su riƙa ba ma'aikata masu hazaƙa hutun ƙaro ilmi. Wanda kuma ya sami wannan dama, to, ya tuna da makarantar da ta rene shi, ya komo ya koyar da na baya.