Na'urar Auna Zafin Inji a Motar Shiga Gona

Motar da malamin gona ke zagaya ƙauyuka da ita, ko wadda manomi ke kwaso amfani da ita daga fadama, wahalarta ta fi ta motar gari. Irin su Toyota Hilux da Land Cruiser sukan yini a ƙaramar giya cikin yashi ko taɓo, ƙafafu huɗu duk suna ja, ga kaya a baya, iska kuma ba ta bugun lagireto sosai domin ba gudu ake yi ba. A irin wannan hali ne inji ya fi ɗaukar zafi. Abin da zai faɗakar da kai kafin ɓarna ta auku kuwa wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, wadda kanikawa ke kira sansa.

Yadda take aiki

A ɗaure take a kan inji, galibi kusa da inda babban tiyon sama ke fita zuwa lagireto, bakinta a tsome cikin ruwan da ke sanyaya injin. A cikinta akwai wani ɗan sinadari mai tare wa lantarki hanya idan da sanyi, ya riƙa sakar masa yayin da zafi ke ƙaruwa. Ana auna wannan tarewa da ma'aunin om. A yawancin motoci za ka sami om 2,000 zuwa 3,000 idan ruwan yana digiri 20 na salshiyos, ya sauko wajen om 300 a digiri 80. Da wannan ne ƙwaƙwalwar mota ke gane zafin inji, ta tsara yawan man da za ta ba shi, ta kuma tayar da fanka a motocin da fankarsu ta lantarki ce. Tsofaffin motoci sukan zo da guda biyu: mai waya ɗaya tana motsa allurar da ke gaban direba, mai waya biyu tana aika wa ƙwaƙwalwa labari. Saboda haka ɗaya na iya mutuwa ɗayar tana aiki.

Inji mai lafiya yana aiki ne tsakanin digiri 80 zuwa 95.

Inda allura ke yaudarar direba

Ka riƙe wannan da kyau: sansa ba ƙarfen inji take aunawa ba, ruwan da ya taɓa bakinta take aunawa. Idan tiyo ya tsage ruwa ya zube a hanya, bakin nata sai ya koma cikin iska ko tururi. A nan allura kan tsaya inda take, wani lokaci ma ta sauka ƙasa, alhali kan inji yana toyewa. Direba ya ci gaba da tafiya hankali kwance, har gasket ya ƙone ko injin ya buga gaba ɗaya. Don haka allurar da ta hau sannan ta faɗo farat ɗaya ba albishir ba ce. Ka tsaya nan take. Ga shi kuma a motoci da yawa an ƙera allurar ta zauna a tsakiya ko da zafi ya ɗan ƙaru, ba ta motsawa sai abin ya yi nisa. Maganin duk wannan mai sauƙi ne: kowace safiya, kafin ka tayar da mota, ka duba ruwa a cikin lagireton kansa da kuma robar ajiyar ruwa.

Alamomin lalacewa da gwaji

Idan mota ta fara shan mai fiye da yadda ta saba, ko tana baƙin hayaƙi, ko tana wuyar tashi, ko allura tana rawa a kan gargada, ka fara duba soket da waya tukuna. Laka da ruwan rafi kan shiga soket su sa tsatsa, ɓeraye kuma kan ci waya idan ana kwanar da mota kusa da rumbu. Sau da yawa laifin yana nan, ba a jikin sansar ba. Idan waya lafiya take, mai gyaran wayar mota ya kwance sansar, ya tsoma bakinta kaɗai cikin tukunyar ruwa a kan wuta, yana aunawa da mita. Lambar ta riƙa sauka a hankali yayin da ruwa ke zafi. In ta tsaya cak ko tana tsalle, a sauya ta da mai lamba iri ɗaya, domin kama a ido ba ta wadatar ba. Bayan ɗaurawa a fitar da iskar da ta maƙale a hanyar ruwa.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu, wato cire tamostat da sunan wai ƙasarmu ƙasar zafi ce. Ba mu goyon bayan haka. Tamostat ce ke riƙe ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, galibi wajen digiri 82, sannan ta buɗe. Idan babu ita, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da hunturu, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara masa mai, ainihin abin da ya jawo zafin kuma yana nan ba a gyara ba. Galibi toshewar lagireto ce: ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa da kaka, ƙura da hunturu, da kuma dattin da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari a ciki. A wanke fuskar lagireto da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba, a kuma yi amfani da ruwan sanyaya inji na kanti.

Idan allura ta doshi ja kana cikin daji, ka kashe na'urar sanyaya ɗaki ka nemi wuri ka tsaya. In ka ga tururi ko ruwa na zuba, kashe inji nan da nan. Kada ka taɓa murfin lagireto sai bayan aƙalla minti 30, domin ruwan da ke matse a ciki yakan haura digiri 100, yana iya saɓule fata. Kada kuma ka kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi. Kan inji na iya tsagewa.

Mota mai sauya giya da kanta tana da wata sansar a cikin man giya. Idan fitilarta ta kama a yashi, ka tsaya, ka mayar da giya kan P, ka bar inji yana aiki a hankali har fitilar ta mutu kafin ka ci gaba.