Filin Makaranta a Sababbin Unguwanni

A Sheshe, kamar sauran unguwannin cikin birnin Kano, gida yana manne da gida. Wanda ya nemi wurin gina aji guda a can, sai fa a rushe gidan wani. Wannan matsi ne ya sa iyalai da yawa suka fita bayan ganuwa neman fili.

Da yawa daga filayen nan awon igiya ne, watau mai gona ya yanka gonarsa fuloti-fuloti ya sayar. Ba ya barin ko taki ɗaya domin makaranta, gama kowane fuloti kuɗi ne. Bayan shekara goma unguwa ta cika da yara, hukuma ta zo neman fili, ta tarar babu.

A Ingila, sashe na 106 na dokar tsara gari ta 1990 ya ba ƙaramar hukuma ikon ƙulla yarjejeniya da mai gina gidaje, ya ba da fili ko kuɗin makaranta kafin ya sami izinin gini. Kano ta fi bukatar irin wannan, tunda a 2019 gwamnatin jiha ta mai da ilimi kyauta kuma tilas.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ake kira shaidar cinikin fili. Kafin su sa hannu, lalle su nemi taswirar awo, su duba ko hukumar KNUPDA ta amince da ita, su ga inda aka keɓe wa makaranta. Malamin hakimi kuwa ya rubuta iyakokin filin cikin littafi, don kada wani ya sayar da shi daga baya.