Tsohon Injin Kwale-kwale: Tsayawar Ruwan Sanyaya da Mutuwa a Tsakiyar Kogi

Injin da ake ratayawa a bayan kwale-kwale ba shi da lagireto, kuma ba iska ke sanyaya shi ba. Ruwan da yake tafiya a kai shi yake zuƙa. A ƙasan ƙafarsa, kusa da farfela, akwai ƙananan ramuka masu raga. Ta nan ruwa ke shiga, wata farfelar roba da ake kira impela ta tura shi sama cikin bututu, ya zagaye silinda ya kwashi zafi, ya fita tare da hayaƙi. Kaɗan daga cikinsa yana tsartuwa ta wani ɗan rami a gefen injin, kuma wannan siririn ruwan ne shaidar matuƙi cewa famfon yana aiki.

Yawancin injinan da ke aiki a tafkin Kainji, wanda aka kammala madatsarsa a 1968, da na Shiroro a kan kogin Kaduna, da gaɓar Neja wajen Mokwa, masu cin fetur gauraye da baƙin mai ne, irin su Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15, 25, 40 ko 75. Da yawansu sun tsufa, sun bi hannu da hannu. Idan irinsu ya faɗo wani gareji a gari irin Suleja, inda babu babban ruwan gwaji, ɓarnar farko a hannun mai gyara take faruwa. Bakaniken da ya saba da babur da janareta yakan ja igiya ya tayar da injin a sandararriyar ƙasa don ya ji ƙararsa. Ruwa ne ke sa wa impela santsi. Idan ta juya a bushe, ƙasa da minti ɗaya ya isa fukafukanta su ƙone. Sai a mayar wa mai shi da inji mai ciwo biyu.

Don haka gwaji a cikin durom ake yinsa, ruwan kuma ya haura faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela sosai, har ya rufe mazaunin famfon. Duk da haka durom yana ruɗi. Ruwansa kan ɗumama da sauri, injin kuma ba ya jan kaya, saboda haka wanda ya yi lafiya a gareji yana iya mutuwa da an loda wa jirgi buhunan masara.

Idan siririn ruwan ya ƙi fitowa, ba a fara da kwance ƙafa. Sau da yawa ramin ne kawai ya toshe da yashi, ko zanzaro ya yi ɗaki a ciki lokacin da injin ke jingine. A zura igiyar fatsa mai kauri a motsa. In ruwa ya ɓalle da ƙarfi, shi ke nan. In bai zo ba, a kashe injin a duba ragar ƙasa, domin leda da kainuwa da ciyawa kan manne mata. Sai bayan wannan ake sauke ƙafa a buɗe famfon. Lafiyayyar impela tana da taushi, fukafukanta na miƙewa idan an fito da ita. Wadda ta gaji takan sandare a lanƙwashe, ko a tarar da tsaga a gindin fiffike. Idan wani fiffike ya ɓalle, dole a nemo gutsurensa, don yana can cikin bututu ko hanyoyin ruwa na silinda, kuma zai toshe sabuwar da aka sa. Faranti da kofin ƙarfen da take juyawa a ciki su ma abin dubawa ne. Ruwan damina mai laka da yashin bakin gaɓa suna cinye su har farce ya riƙa maƙalewa a zanen, kuma sabuwar impela a kan cinyayyen faranti asarar kuɗi ce.

Akwai kuma injin da ruwansa ke tsartuwa amma yana zafi. A nan tamostat ne abin zargi, wato ɗan murfin da ke buɗewa idan ruwa ya ɗauki zafi. Ana gwada shi a tukunyar ruwa a kan wuta, kuma ya kamata ya buɗe tun ruwan bai kusa tafasa ba. Wasu kan cire shi su yar. Wannan dabara ba ta da kyau, domin injin da ba ya kai zafin aikinsa yana shan mai, yana kuma ɓata fulogi.

Game da mutuwar inji, tambayar da ta fi kowace amfani ita ce yaushe yake mutuwa. Wanda ke tashi lafiya, ya yi tafiyar wasu mintuna, ƙarfinsa ya riƙa raguwa har ya tsaya, igiya ta yi nauyin ja, sannan ya sake tashi bayan ya huce, zafi ne ke kama fistinsa. Kan silinda zai ƙi taɓuwa, wani lokaci fentinsa ya canza launi. Kowane sake tayarwa ƙarin karce ne a jikin silinda. Idan alamun sun zo haka amma injin ba zafi fiye da kima kuma igiya na jawuwa, a duba wuta nan take kafin ya huce, don tsohon kwayil kan yanke wuta da ya ɗumama.

Wanda ke mutuwa da an ba shi wuta kuwa, yunwar mai ce. A fara da ɗan maɓallin iska na murfin tanki, wanda in an manta shi a rufe mai ba ya sauka. Sai ƙwallon robar da ke jikin tiyo: idan matsa shi yana farfaɗo da injin, laifin na famfon mai ne ko tiyo na shan iska, idan ya shafe ya ƙi kumbura, akwai toshiya ta wajen tanki. Mutuwa a silo yawanci datti ne a ƙaramin jet na kafireta. Fetur ɗin jarka da ya sha ruwa ana gane shi idan an zuba a farar kwalba, ruwan zai kwanta a ƙasa.

Fulogi ma yana magana. Baƙi mai danƙo na nufin baƙin mai ya yi yawa. Ma'aunin da aka fi bi a irin waɗannan injina shi ne 50 bisa 1, wato rabin lita a jarka mai lita 25, sai dai in littafin injin ya faɗi wani abu dabam. Fulogin da ya fito fes kamar an wanke shi, ko da ɗigon ruwa a bakinsa, alama ce gaskit ɗin kan silinda ya ƙone, ruwan sanyaya na shiga inda mai ke ƙonewa. Sau da yawa zafin da aka yi wa sakaci ne ke jawo haka.

Jirgin da injinsa ya mutu a tsakiyar igiyar ruwa ba ya juyuwa. Yakan ba ruwa gefe, kuma a tafkunan da kututturan itatuwa ke ɓoye a ƙasa haɗarin ya fi girma. Ana kira ga matuƙa su duba impela aƙalla sau ɗaya a shekara kafin ruwa ya cika, su ajiye filafili da fulogi na ko-ta-kwana a cikin jirgi, kuma kada su bar gaɓa da fasinja sai sun ga ruwa na tsartuwa daga injin.