Ƙananan Kyamarori a Dandalin Kiɗa

Ƙaramar kyamara irin GoPro tana shiga inda mai ɗaukar hoto ba zai iya tsayawa ba: gefen ganga, ko daf da yatsun mai jita. Amma ka fara neman yardar makaɗa, kada wani ya ga fuskarsa a majigi ba da saninsa ba.

Kada ka ɗaure ta a jikin ganga, girgiza za ta ɓata hoton. Kafa ta a kan sandarta daban. Haɗa ta da kebul, domin Wi-Fi kan yi jinkiri, sauti ya riga hoto. In nisan ya wuce mita 15, koma kebul na SDI maimakon na HDMI. Jona mata wuta saboda batir, sannan ka gwada komai da fitilun dandali kafin jama'a su shigo.