Zaɓen Tayar Babur: Ƙarko Ko Riƙon Hanya?

Ku sani, 'yan'uwa, robar taya iri biyu ce. Mai tauri tana da ƙarko, amma ba ta kama ƙasa sosai a kwana. Mai taushi kuwa tana riƙe hanya gam, sai dai saurin cinyewa gare ta. Mu mutanen Dandume, masu ɗora wa babur buhun masara zuwa Funtuwa, mun fi son ƙarko, gama kuɗi wuyar samu gare su. To, amma da damina, in laka ta hau hanya, taya mai tauri wadda zanenta ya shafe ita ke kā da mutum. Saboda haka mu zaɓi mai zurfin zane, mu sake ta tun bai shafe ba. Kuɗin taya bai kai wahalar ɗori ba.