Kalmomin Raɗaɗi a Hausa da Zaɓen Magani: Nazari Daga Ƙasar Zuru

Tsakure

Kalmar "ciwo" tana ɗauke da ma'ana biyu a Hausa: cutar kanta da kuma raɗaɗin da take haifarwa. Wannan maƙala ta nuna cewa kalmomin da majinyaci ke siffanta raɗaɗi da su suna iya nuna tushensa, tushen kuma shi ke nuna magani.

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, Hausa ce harshen kasuwa da asibiti, alhali mazauna da yawa, musamman Lelna da aka fi sani da Dakarkari, C'lela ne harshensu na farko. Haka kuma al'umma ce mai girmama juriya, kamar yadda al'adar golmo da shaharar 'ya'yanta a aikin soja suka nuna. Majinyacin da ya saba daurewa, yake kuma magana da harshe na biyu, yakan taƙaita kokensa da "ciwon jiki".

2.0 Ire-iren Raɗaɗi da Yadda Yake Aukuwa

Ta fuskar lokaci, akwai raɗaɗi na ɗan lokaci da wanda ya wuce wata 3. Ta fuskar tushe kuwa, masana sun kasa shi gida uku.

Na farko shi ne wanda rauni ko kumburi ke jawowa. Naman da ya ji rauni yana sakin sinadarai, ciki har da furostagalandin, waɗanda ke zaburar da jijiyoyin ji, su kai saƙo laka, daga nan zuwa ƙwaƙwalwa. Nan ne Bahaushe ke cewa "zogi", "tsami" ko "sara", idan kuma a kayan ciki ne ya ce "murɗa".

Na biyu yana faruwa idan jijiyar saƙon ce da kanta ta lalace, kamar a ciwon suga. Akan siffanta shi da "ƙuna", "sukar allura" ko "tafiyar kiyashi". Sai dai kalmar "jijiya" tana nufin hanyar jini da ta saƙo duka, wanda ke ƙara ruɗani.

Na uku, wanda ƙungiyar nazarin raɗaɗi ta duniya ta amince da shi a 2017, yana zuwa ba tare da rauni bayyananne ba, saboda sauyin yadda laka da ƙwaƙwalwa ke sarrafa saƙon.

3.0 Magunguna

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsani mai hawa uku don raɗaɗin ciwon daji: farasitamol da asfirin da dangoginsa a ƙasa, kodin a tsakiya, mofin a sama. Tun 1971 John Vane ya gano cewa asfirin yana hana jiki samar da furostagalandin, shi ya sa shi da ibufurofen ke tasiri a kan kashi na farko. Amma yawan shansu yana jawo gyambon ciki da lahani ga ƙoda, farasitamol kuma idan ya wuce giram 4 a rana yana iya lalata hanta.

Kashi na biyu bai cika jin waɗannan magunguna ba. Amitiriftilin ko gabafentin likita kan rubuta. Saboda haka manomin da tafin ƙafarsa ke ƙuna, idan ya ce wa mai kemis "ciwon ƙafa" kawai, zai iya karɓar maganin kumburi. Idan bai ji sauƙi ba sai ya ƙara yawansa, ko ya koma taramadol, mai sa sabo irin na kodin. Girman wannan haɗari ya bayyana a 2018, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin.

4.0 Kammalawa

Tambayar "ina ke maka ciwo?" ba ta wadatar ba, sai an haɗa da "yaya kake jin sa?" Maƙalar tana ba da shawarar masana Hausa su haɗa hannu da ma'aikatan lafiya wajen tattara kalmomin raɗaɗi a Hausa da C'lela, tare da keɓe wa jijiyar saƙo suna na daban.