Sabon Marubuci da Intanet: Yadda Ake Kafa Suna Mai Ɗorewa

Gabatarwa

A shekarar 1933, gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya ce ta fito da Abubakar Imam da littafinsa Ruwan Bagaja. A farkon shekarun 1990 kuwa, marubutan Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu sun riƙa buga littattafansu da kansu, suna kai wa masu sayarwa a kasuwa. A yau ɗalibin da ke da wayar hannu yana iya isar da labarinsa ga makaranta a Maraɗi ko Kumasi cikin daƙiƙa guda. Sai dai wannan sauƙi yana tattare da haɗarin da ya kamata a fahimta tun da wuri.

Ina Rubutun Yake Zuwa?

Idan marubuci ya saka labari a Facebook ko Wattpad, rubutun yana tafiya ne ya zauna cikin manyan kwamfutocin kamfanin, waɗanda galibi suke a ƙasashen ƙetare. Wani tsarin lissafi da kamfanin ya ƙera shi ke zaɓar wanda zai ga rubutun, ta la'akari da abubuwa kamar yawan waɗanda suka tsaya suka karanta ko suka yi tsokaci. Ke nan ba dukkan mabiyan marubuci ne ke ganin abin da ya saka ba.

Injin bincike kamar Google kuma yana da manhajoji masu bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, suna tattara kalmomi cikin wani babban kundi. Abin da aka tura a zauren WhatsApp ba ya shiga wannan kundi, domin saƙonnin a kulle suke. Labari zai iya zagaye wayoyi da dama, amma wanda ya nemi sunan marubucin ya tashi a tutar babu.

Gidan Aro

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Dandalin Google+ ya rufe a 2019. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X. OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai da aka kafa a Nijeriya a 2013, wadda marubutan Hausa da dama suka yi amfani da ita, ta rufe a Nuwamban 2023. Duk marubucin da ya dogara da dandali ɗaya tak, ranar da aka rufe shi zai iya rasa rubutunsa da makarantansa baki ɗaya.

Matakan da Suka Dace

1. A zaɓi suna ɗaya, a riƙa rubuta shi iri ɗaya a ko'ina, domin mai nema ya same shi ba da wahala ba.
2. A ajiye asalin kowane rubutu a wuri biyu ko uku, tare da kwanan watan da aka gama shi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare aiki tun daga lokacin da aka rubuta shi, amma idan gardama ta taso, hujja ake nema.
3. A samu shafi guda wanda kowa zai iya buɗewa, mai ɗauke da taƙaitaccen tarihin marubuci da jerin ayyukansa.
4. A kiyaye ƙa'idojin rubutu, musamman haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ. Akwai tazara tsakanin "kafa" da "ƙafa".
5. A shiga gasanni, irin su Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta.
6. Kada ɗalibi ya bayyana adireshin gidansu ko lambar wayarsa ga wanda bai sani ba.

Aikin Aji

Malami ya umarci kowane ɗalibi ya rubuta tarihin kansa a matsayin marubuci cikin kalmomi 50, sannan ya zayyana wurare uku da zai ajiye rubutunsa, da dalilin zaɓen kowanne.